Daga Bakin Likita Zuwa Kunnen Majinyaci: Doguwar Jinya a Yola da Jimeta

Cututtuka masu doguwar jinya, wato waɗanda idan sun kama mutum sukan zauna da shi shekaru ko ma iyakar rayuwarsa, irin su hawan jini da ciwon suga da sikila da asma da farfaɗiya da ciwon ƙoda da ƙanjamau, sun sha bamban da zazzaɓin cizon sauro ko amai da gudawa ta wata fuska da ba a cika lura da ita ba, ita ce kusan dukkan aikin jinyarsu a gida ake yin sa, kuma majinyaci da iyalinsa ne ke yi. Shekara guda awa 8,760 ce, mai hawan jinin da ke zuwa asibiti sau huɗu a shekara kuwa, ko da kowane zama ya kai rubu'in awa, bai wuce awa ɗaya a gaban likita ba. A sauran lokacin duka shi ne zai tuna da ƙwayarsa, shi ne zai zaɓi abin da zai ci da abin da zai bari, shi ne kuma zai tantance ko jirin da ya ɗebe shi da rana na yunwa ne ko na garzayawa asibiti. Saboda haka abin da ya kwasa daga wannan awa ɗaya, da yadda ya iya mayar da shi aiki a cikin gidansa, ya fi tasiri a kan makomarsa fiye da yawancin na'urorin da gwamnatoci ke alfahari da sayowa.

Masana kiwon lafiya suna da laƙabi ga wannan al'amari, wanda da Hausa za a iya kiransa wayewar kai kan lafiya, kuma abin da suke nufi shi ne iyawar mutum ya nemo bayanin da ya shafi lafiyarsa, ya gane shi, ya auna ingancinsa, sannan ya yi aiki da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da kalmar cikin ƙamusunta na inganta lafiya a 1998, a shekarar 2000 kuma Don Nutbeam, wanda shi ne ya tsara wancan ƙamus, ya kasa ta hawa uku: akwai iya karanta takardar magani da bin umarni, akwai iya yin tambaya da tattaunawa da ma'aikacin lafiya, akwai kuma iya tace bayani a rabe tsaba da tsakuwa. Wani babban bincike da aka gudanar a Amurka a 2003 ya gano cewa kashi 12 cikin 100 kacal na manya ne suka ƙware a wannan fanni, wani kuma da aka yi a ƙasashen Turai takwas a 2011 ya nuna kusan rabin mutane suna da rauni a cikinsa. Waɗannan ƙasashe ne da kusan kowa ya yi makaranta, don haka ba za a ce karatun boko kaɗai ke kawo wannan wayewa ba, kuma duk wanda ya taƙaita matsalar Adamawa da cewa jahilci ne ya ɗauki hanya mafi sauƙi ya kauce wa tambaya mafi nauyi, wato da wane harshe aka yi wa majinyacin bayani, cikin minti nawa, kuma wa ya tabbatar ya gane.

Tambayar harshe ta fi ƙarfi a Yola da Jimeta fiye da yadda take a Kano ko Katsina. Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841 ta zama gidan sarautar Fombina, gari ne da Fulatanci ke da tushe a cikinsa, Jimeta kuwa, wadda ta bunƙasa a gaɓar kogin Binuwai ta zama matattarar kasuwanci da ofisoshi, ta tara Bachama da Bata da Verre da Chamba da Kilba da Margi da Higgi da Lunguda da Hausawa da Kanuri da Ibo da sauran ƙabilu, Hausa ce kuma ke haɗa su a kasuwa da tasha. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, wanda a da ake kira Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na jiha da ke Jimeta, su ne manyan wuraren da masu irin waɗannan cututtuka ke dosa daga ƙananan hukumomi 21 na jihar, daga Mubi da Michika a arewa zuwa Ganye a kudu, har da maƙwabta daga Taraba. Likitan da zai gan su da Turanci ya koyi aikinsa, da Turanci yake tunanin cutar, da shi kuma zai rubuta magani haɗe da gajerun kalmomin Latin da ke nuna sau nawa za a sha. Idan ya juya zai yi bayani sai ya koma Hausa, wadda mai yiwuwa ba harshen gidansu ba ce, ga wata dattijuwa daga rugar Girei ko Namtari wadda ita ma Hausar tata ta ciniki ce, a tsakaninsu kuma ga ɗanta ko jikanta yana tafinta. Magana ta ratsa harshe uku kafin ta isa, kuma a kowace gaɓa wani abu yana zubewa.

Tafintan cikin gida yana da tasa matsalar, domin akwai abin da uwa ba za ta faɗa a gaban ɗanta ba, akwai wanda suruki ba zai furta a gaban surukinsa ba, alhali kuwa yawan fitsari da ƙaiƙayin gaba da raunin mazakuta suna daga cikin alamomin da likita ke buƙatar ji a ciwon suga. A tarbiyyar da Fulani ke kira pulaaku, wadda Hausawa ke ce wa fulako, kunya da haƙuri, wato semteende da munyal, ado ne ga mutum, kuma bayyana raɗaɗi gazawa ce. Bahaushe ma idan aka ce masa yaya jiki amsarsa ɗaya ce, da sauƙi, ko da kuwa bai runtsa ba. Wannan ladabi ne a zaure, amma a ɗakin likita, inda layi ya yi tsawo kuma mai duba marasa lafiya ke neman abin da zai rubuta da sauri, yakan zama dalilin da za a sabunta tsohon magani a sallami mutum da damuwarsa a ciki. Tambayar da ake rufe zama da ita, Baba ka gane, ita ma ba ta da amsa sai e, domin dattijo ba zai ce wa yaron da ya haifa bai gane ba, kuma ba zai so a ce ya ɓata wa likita lokaci ba.

Inda gizo ke saƙar sosai shi ne a kalmar warkewa. A fahimtar da aka gada, ciwo baƙo ne da ke shiga jiki, magani kuma shi ke fitar da shi, shi ya sa ake yabon maganin da ya sa gumi ko amai ko wankin ciki, domin an ga fitar cutar da ido. A bisa wannan ma'auni, maganin da aka ce a sha kullum har abada ya riga ya amsa laifinsa, tunda da yana aiki da an gama da shi, kuma mutumin da ya sha ƙwaya wata biyu ya ji garau yana da hujjar hankali, a wurinsa, ta ajiye ta. Asibitin zamani da kansa ya ƙarfafa wannan tunani, domin ya yi suna a ƙasar nan ne da allurar da ke sauke zazzaɓi da ƙarin ruwa da tiyata, abubuwan da ke da farko da ƙarshe. Murray Last, wanda ya yi bincike a yankin Malumfashi, ya nuna a wata maƙala ta 1981 cewa jama'a da dama ba su damu da sanin yadda kowane tsarin magani ke bayanin cuta ba, abin da suke bi shi ne wanda zai kawo sauƙi, kuma sukan zagaya daga wannan zuwa wancan ba tare da ganin karo a tsakaninsu ba. Wannan ɗabi'a ba ta da illa mai yawa ga ciwon da zai wuce da kansa, amma ga hawan jini tana nufin wata uku a kan ƙwaya, wata biyu a kan tafarnuwa da zogale, sannan a dawo asibiti a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Aikin farko da ke kan ma'aikacin lafiya shi ne ya samo kalmomin da za su raba cutar da ake kashewa da cutar da ake ɗaurewa, kuma Hausa ba ta rasa su ba: makiyayi ya san bambancin yanka sa da ɗaure shi a turke, ya kuma san abin da ke faruwa ranar da aka kwance igiya.

Hawan jini ya fi kowace cuta faɗawa cikin wannan rami saboda yawanci ba ya ciwo. Ƙiyasin masu bincike ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na manya a Najeriya suna da shi, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 kuma ya ce kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna ɗauke da shi ba, huɗu cikin biyar kuma ba sa samun kulawar da ta wadatar. Sunan da Hausa ta ba shi yana da kyau, sai dai yana sa a ɗauka abu ne da ke hawa idan rai ya ɓaci ya sauka idan hankali ya kwanta, don haka sai a ji mutum yana cewa yana shan magani ne idan ya ji jininsa ya hau, ma'ana idan kansa ya yi ciwo ko ƙeyarsa ta yi nauyi. Lambobi biyun da na'urar awo ke nunawa, ta sama lokacin da zuciya ta matse ta tura jini, ta ƙasa lokacin da ta saki, su ne kaɗai shaida, kuma daga 140 bisa 90 zuwa sama, idan ya maimaitu a ranaku daban-daban, ana lissafa shi hawan jini ko da mutum yana jin kansa kamar doki. Majinyaci da yawa ba a taɓa gaya musu lambarsu ba, an dai ce ya ɗan hau ko ya yi daidai, alhali mai sayar da hatsi a babbar kasuwar Jimeta da ke riƙe farashin buhu goma a ka ba zai gaza riƙe lambobi biyu ba. Haka batun gishiri: shawarar Hukumar ita ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi, amma idan aka ce a rage gishiri uwargida takan rage wanda take barbaɗawa ta ƙara ɗunƙule don miya ta yi daɗi, ba tare da sanin cewa ɗunƙulen da farin magi da kanwa da yajin tsire duk sinadari ɗaya suke ɗauke da shi ba. Akwai kuma abin da maza ba sa faɗa: wasu magungunan hawan jini sukan taɓa ƙarfin namiji, amlodifin yakan kumbura ƙafa, lisinofiril yakan kawo busasshen tari, kuma wanda ba a gaya masa cewa ana iya sauya masa wani ba, barin maganin zai yi shiru. Ranar da ɓarin jiki ya shanye kuma, idan iyali suka ɗauka bugun iska ne, awannin farko da asibiti zai iya yin wani abu a cikinsu sukan ƙare a wurin tofi.

Ciwon suga ya fi neman lissafi. Sunansa ya sa ake zaton sukarin shayi ne kaɗai abokin gaba, sai mutum ya bar shi ya koma zuma, ko ya cika kwano da tuwon alkama ko acca bisa imanin cewa su abincin masu suga ne da ba su da iyaka, alhali tuwon masara da dawa da shinkafa da alkama da fura da kunun gyaɗa, wanda Adamawa ta yi suna da shi, duk sukari suke zama a cikin jini, kuma yawan abin da aka ci ya fi sunan hatsin muhimmanci. Shawarar da ta hana mutum duk abincin gidansu ba za ta yi mako biyu ba, wadda ta ce a rage malmala a ƙara ganye da wake da kifin Binuwai kuwa ana iya rayuwa da ita. Na'urorin awon suga na hannu ma suna da tarko, domin wasu suna lissafi da miligiram wasu da milimol, kuma 126 a ta farko daidai yake da 7 a ta biyu, wato iyakar da ake cewa mutum yana da ciwon idan an auna shi kafin ya karya, wanda ya auna a wani wuri aka ce 9 ya sake aunawa a wani aka ce 162 zai iya zaton ciwonsa ya ninka alhali awo ɗaya ne. Abin da ya fi haɗari, kuma aka fi mantawa da koyarwa, shi ne faɗuwar suga ƙasa da miligiram 70, wadda ke zuwa da rawar jiki da gumi da ruɗewa ga mai allurar insulin ko mai shan gilibenkilamaid idan ya sha magani bai ci abinci ba. Maganinta a wannan lokaci shi ne abin da aka hana shi, wato sukari ko lemon kwalba, kuma iyalin da aka tsoratar da su daga sukari ba tare da an bayyana musu wannan togaciya ba za su iya hana shi abin da zai cece shi. Ciwon yana kuma kashe jijiyoyin ƙafa har ƙaya ta soki mutum bai ji ba, shi ya sa duba tafin ƙafa kullum, wanda mai alwala sau biyar yake da damarsa a sauƙaƙe, yana cikin abubuwan da ke raba mutum da yanke ƙafa.

Yanayin garin ya ƙara nasa nauyin. Yola tana cikin kwarin Binuwai, kuma a watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuwa ba abin dogaro ba ce. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, amma daskarewa tana lalata shi, don haka wanda ya manna kwalbar da ƙanƙara a cikin kula da niyyar kariya zai iya ɓata ta. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da Jami'ar Geneva, aka wallafa a 2021, ya gwada insulin a irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda yake kai-komo tsakanin digiri 25 da 37, ya kuma gano bai rasa ƙarfinsa ba cikin makonni huɗun da ake amfani da kwalbar da aka buɗe. Ga gidan da babu firji, tukunyar ƙasa a cikin wata tukunyar da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, dabarar da Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana sauke zafi a lokacin rani da iska ke bushe. Wannan ilimi ne da ba ya cin kuɗi, yana dai buƙatar wanda zai faɗe shi.

Daga 2022 zuwa 2025 azumin Ramadan ya faɗo ne cikin Maris da Afrilu, wato tsakiyar wannan zafi. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, amma mutane da yawa ba sa lissafa kansu cikin marasa lafiya tunda suna tafiya da ƙafarsu, wasu kuma suna jin nauyin a gan su suna ci. Ƙa'idojin da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da masana harkar Ramadan sun ba da shawarar a ga likita makonni shida zuwa takwas kafin azumi don a auna haɗari a kuma sake tsara lokutan magani, sun bayyana cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi, sun kuma ce a karya idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Irin wannan bayani ya fi shiga idan ya fito daga bakin malamin tafsiri da likita a zaune wuri ɗaya, domin majinyaci ba ya son a sa shi zaɓi tsakanin su biyun. Kiristocin Jimeta masu azumin coci suna da irin wannan buƙata, kuma a ɓangarorin biyu akan sami mai wa'azin da ke ɗaukar ajiye magani a matsayin shaidar ƙarfin imani, abin da manyan malaman kowane ɓangare suka fi kowa ikon gyarawa.

Tsakanin gida da asibiti akwai kemis, kuma a unguwanni irin su Doubeli da Luggere da Jambutu da Nassarawo shi ne likitan farko. Lasisin da mai kemis ke riƙe da shi na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, amma a aikace shi ke auna jini, shi ke ba da shawara, shi ke yin haɗi na ciwon jiki ga wanda ya wuni a kan Keke Napep ko a gona. A cikin irin wannan haɗi akan sami diklofenak ko ibufurofen, waɗanda yawan shansu ke ɗaga hawan jini yana cutar da ƙoda, wani lokaci har da deksametason, wanda wasu mata ke sha don ƙiba, kuma yana tayar da suga da hawan jini gaba ɗaya. Mai hawan jini da ya san wannan magana guda, cewa ya nisanci waɗannan ya tsaya ga farasitamol sai da izinin likita, ya rage wa kansa hanyar zuwa wankin ƙoda. A ɗaya gefen kuma ga masu maganin gargajiya da lasifika a bakin kasuwa, da saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp, masu alkawarin abin da asibiti ya ƙi alkawartawa, wato warkewa gaba ɗaya, cikin Hausa mai daɗi da misalai masu kama hankali. Lambar hukumar NAFDAC da suke nunawa a jikin kwalba, idan ma ta gaskiya ce, shaida ce ta cewa an duba amincin abin ga mai sha, ba tabbacin cewa yana warkar da cutar da aka lissafa ba. Ya kamata a yarda cewa waɗannan mutane sun fi asibiti iya magana da jama'a, kuma suna ba mai saye lokacin da likita ba ya da shi.

Ba kowane barin magani ne rashin fahimta ba, kuma zalunci ne a kira talauci da sunan jahilci. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, da sanarwar kamfanin GSK a watan Agustan shekarar cewa zai daina sayar da kayansa kai tsaye a ƙasar, farashin magunguna, musamman abin shaƙa na masu asma, ya yi tashin gwauron zabo. Mai raba ƙwaya biyu ko mai sha yau ya tsallake gobe sau da yawa ya san abin da yake yi, lissafin abincin yara ne ya fi ƙarfinsa. Duk da haka akwai gurbin da sani ke rage tsada, domin kowane magani yana da sunan sinadarinsa da kuma sunan da kamfani ya laƙaba masa, kuma wanda ya san cewa amlodifin amlodifin ne ko daga wane kamfani mai rajista ya fito zai iya sayen mai rahusa maimakon ya haƙura. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, Jihar Adamawa tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, kuma dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma sanin inda ake rajista da abin da katin ya ƙunsa shi ma wani karatu ne da ba kowa aka koya wa ba.

Sikila, wadda ake kira amosanin jini, ta kawo nata ruɗanin. Ana ƙiyasin ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a Najeriya kowace shekara, kuma gwajin kafin aure ya yaɗu a masallatai da coci-coci, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Sai dai mutane da yawa suna haɗa rukunin jini, wato A da B da O, da nau'in halittar jini, wato AA da AS da SS, tunda duka da haruffa ake faɗarsu. Idan AS ya auri AS kuma aka ce ɗaya cikin huɗu, akan ɗauka cewa cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai kamu, alhali ƙuri'ar sabuwa ce a kowane ciki, ana iya samun uku a jere, ana iya rasa ko ɗaya. Uwar da ta san cewa zazzaɓi a jikin mai sikila na gaggawa ne, ta san shan ruwa da yawa a bazara da rufe jiki a hunturu, ta kuma iya lalubar saifa a gefen hagu na cikin yaron, ta riga ta yi nisa daga zamanin da ake kiran irin waɗannan yara 'yan wabi.

Adamawa ba baƙuwa ba ce ga hanyoyin da ke aiki. A Garkida, cikin ƙaramar hukumar Gombi, inda mishan na Church of the Brethren ya sauka a 1923, an gudanar da wani shirin lafiyar karkara a shekarun 1970 wanda ya horar da mutanen ƙauye su koyar da lafiya ta hanyar labarai da waƙa da wasan kwaikwayo, har ya zama abin misali a wajen Najeriya. Shirin yaƙi da ƙanjamau ma, tun da aka mayar da magungunansa kyauta a 2006, ya ginu ne a kan zama da majinyaci kafin a fara ba shi magani, da haɗa shi da wani na kusa da zai riƙa tuna masa, da ƙungiyoyin masu ɗauke da cutar, da bin sawun wanda ya daina zuwa. Ba abin mamaki ba ne a sami mai ƙanjamau da bai yi boko ba ya san lokacin ƙwayarsa da ma'anar awon yawan ƙwayar cutar a jininsa, maƙwabcinsa mai digiri kuma bai san sunan maganin hawan jininsa ba, domin an ware wa na farkon ma'aikaci da lokaci da kuɗi. A ƙasashen waje ana koya wa likitoci wata dabara ta sa majinyaci ya maimaita bayanin da bakinsa kafin ya tashi, Yola kuwa, garin modibbai, ta daɗe da sanin ta, tunda a makarantar allo ba a yi wa almajiri ƙari sai ya biya na jiya. Abin lura kawai shi ne yadda za a nemi biyawar ba tare da an kunyata babba ba, misali likita ya ce, Inna, idan kin koma gida yaya za ki gaya wa mai ba ki maganin, don in tabbatar ban manta da komai ba. Zanen sanduna da ake yi a jikin ambulan magani ya fi amfani idan aka ɗaura shi a kan Asuba da Magariba ko karin kumallo da jibi, rubutun ajami kuma, wanda dattawa da yawa a Yola ke karantawa da Hausa da Fulatanci ko da takardun asibiti sun lissafa su cikin marasa karatu, zai iya ɗaukar sunan magani da lokacinsa. Gidajen rediyo irin su Gotel da Fombina da ABC Yola suna isa inda takarda ba ta isa, cikin harsunan da ake ji.

Mafi yawan majinyata suna gane maganinsu ne da kama, ƙaramar fara ta safe da doguwa ta dare, kuma wannan yana isarsu muddin suna komawa wuri ɗaya wurin mutum ɗaya. A ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, dubban mutane suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a sansanin Malkohi, wasu a harabar cocin Katolika ta Saint Theresa, mafi yawa a gidajen dangi, katunan asibitinsu kuwa suna can inda suka baro. Ambaliyar Binuwai, irin ta 2012 da ta 2022, takan yi wa takardun gida irin wannan ɓarna. Ma'aikacin lafiyar da ya karɓi irin wannan majinyaci ba zai iya rubuta magani daga launin ƙwaya ba, sai ya sake gwaji daga farko idan akwai kayan gwajin, alhali abin da yake buƙata bai wuce abu huɗu ba, sunan sinadarin maganin da ƙarfinsa da lokutan shansa da awo na ƙarshe, waɗanda za su shiga ƙaramar takarda a cikin leda ko hoto guda a wayar ɗa ko jika.